Mai Aikina 'Yar Togo Ce: Raini Take Yi Mini Ko Bambancin Al'ada Ne?

Wata baiwar Allah da ke zaune a Abuja ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da wata dillaliya ta kawo mini mai aiki daga ƙasar Togo. Kirista ce, za ta kai shekara 25, ta ce tana da 'ya'ya biyu a gida. Aikinta ba laifi, tana da tsafta. Amma ba ta durƙusawa in za ta gaishe ni ko maigidan, tana kallon mutum cikin ido, ta ƙi tuwo da miyar kuka, kullum dare tana kan waya da yarensu. Yanzu kuma ta ce in riƙa barin ta zuwa coci ranar Lahadi, in kuma riƙa ba ta albashinta a hannu. Naira 40,000 nake biya duk wata, dillaliyar ke karɓa, ita ce ma ta ba ni katin shaidar yarinyar ta ce in ɓoye don kada ta gudu. Ƙawayena sun ce sakin fuskar da na yi mata ne ya jawo. Raini ne wannan ko bambancin al'ada? Ina tsoron haƙƙi, amma ba na so a raina ni a gidana."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan tsoron haƙƙin da kika ambata shi ya sa na zauna in ba ki amsa mai tsawo. Na daɗe ina aikin lauya a ɓangaren ƙwadago, kuma yawancin rigimar uwar ɗaki da mai aiki da ke zuwa gabana ba ta kaiwa kotu, a falo ake kashe ta. Abin da na lura da shi a wasiƙarki shi ne kin zuba abu biyu a ƙwarya ɗaya. Gaisuwa da kallo da tuwo, waɗannan al'ada ce, ana zama a fahimci juna, kowa ya sassauta. Albashi da kati da ranar hutu da waya kuwa haƙƙinta ne tun kafin ta taka ƙofar gidanki, ba su cikin abin da za ki ba ta in ta kyauta ki janye in ta ɓata miki rai. Bari in fara da kuɗin, don nan wutar take.

Kin ce dillaliya ke karɓar albashin. Kin taɓa tambayar mai aikin nawa ke isa hannunta, ko hannun wadda ke riƙe mata 'ya'ya? Na sha ganin yadda abin ke tafiya. Dillaliya ta ce ita ta biya kuɗin mota daga Lome, ita ta sallami jami'an kan iyaka a Seme, don haka albashin wata uku ko shida na farko nata ne. In wannan ya wuce sai ta ce tana "tara mata" sai ƙarshen shekara in za ta gida. Ƙarshen shekara ya zo, lissafi ya rikice, babu takarda, babu shaida. Na taɓa zama da wata mata da ta yi wata 14 tana aiki a wani gida, uwar ɗakinta ba ta taɓa fashin biya ba ko sau ɗaya, amma abin da ya shiga hannun mai aikin bai kai albashin wata uku ba. Uwar ɗakin ta yi ta kuka tana rantsuwa cewa ita ta biya. Gaskiya ta faɗa, ta biya, sai dai ba wadda ta zubar da gumin ta biya ba. Hadisin da muka taso muna ji cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ma'aikacin aka ambata. In dillaliya na da ladan kawo ta, wannan tsakaninki da dillaliya ne, ki biya ta sau ɗaya daga aljihunki a wuce wurin. Daga wannan watan kuwa, kuɗin ya shiga hannun mai shi, a rana tsayayya, ki rubuta a littafi ta sa hannu ke ma ki sa.

Sai kuma yawan kuɗin. A nan akwai abin da yawancin masu ɗaukar 'yan aiki daga ƙasashen sefa ba su lissafa shi. Ke naira kike bayarwa, amma 'ya'yanta sefa suke ci. Sefa a ɗaure take da kuɗin yuro, ba ta rawa kamar naira. A farkon 2023, a kasuwar canji, sefa 1,000 ba ta wuce naira 1,200 da 'yan kai ba. Da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, kafin shekarar 2024 ta yi nisa sefa 1,000 ɗin nan ta haura naira 2,500. Ke nan naira 40,000 da a da za ta ba ta sama da sefa 30,000 ta koma wajen sefa 15,000. Mafi ƙarancin albashi a Togo kuwa, tun daga Janairun 2023, sefa 52,500 ne a wata. Ki duba da kyau: ta baro 'ya'ya biyu, ta ƙetare ƙasar Binin, ta zo tana kwana a gidan da ba ta jin yarensa, a kan kuɗin da bai kai sulusin mafi ƙarancin albashin ƙasarta ba, kuma ko shi ɗin ba ya isa hannunta. In ta yi magana a kan kuɗi, uwa ce da aka kira daga gida aka ce an koro yaro daga makaranta.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta kama wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka ba za a gurfanar da ke don kin biya ƙasa da haka ba. Na faɗa miki wannan ne don kada in ɓoye miki gaskiyar doka. Amma ni a wurina 70,000 ɗin nan ita ce ma'aunin da ya kamata mai tsoron Allah ta fara dubawa, musamman a Abuja. In ƙarfinki bai kai ba, ki rage aikin: ki ɗauki mai zuwa ta yi wanke-wanke da shara ta tafi. Abinci da wurin kwana da kike ba ta kada ki lissafa su a matsayin rabin albashi, domin don amfaninki take kwana a gidan, don a same ta da asuba a same ta da dare.

Katin shaidarta kuma ki mayar mata da shi yau, kada ki jira ƙarshen wata. Ki ɗauki hotonsa ki ajiye, wannan daidai ne, kowane mai ɗaukar ma'aikaci yana da damar sanin wa ya shigo masa gida. Amma riƙe na ainihin don kada ta tafi, sunansa ɗaure mutum. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta lissafa alamomi 11 da ake gane aikin tilas da su, kuma a cikinsu akwai ƙwace takardun shaida, da riƙe albashi, da hana fita, da raba mutum da 'yan'uwansa, da ɗaure shi da bashi. Ba tare da kin yi niyya ba, dillaliyar nan ta riga ta sa gidanki ya tara biyu ko uku daga ciki, in kuma kika biye wa zancen ƙawaye har kika karɓe waya kika hana Lahadi, kin ƙara biyu. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta bautarwa da aikin tilas, kuma kowane mutum ya ce, bai ware ɗan ƙasa daga baƙo ba. Irin wannan ƙorafin ne hukumar hana safarar mutane, NAPTIP, ke bincike a kansa, kuma in bincike ya zo, a jakarki za a sami katin, dillaliya ta kashe waya. Ga kuma wani haɗari: Togo na cikin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ta damar shigowa ba biza har kwana 90, bayan haka ana bukatar takardar zama. Wata ukunta ya cika ke nan. Mace baƙuwa da ba ta da wata shaida a jikinta, in 'yan sanda ko jami'an shige da fice suka tare ta a hanyar kasuwa, ba ta da bakin magana. Taimakon da za ki yi mata shi ne ki raka ta a gyara takardar zamanta.

Maganar Lahadi ba ta da tsawo. Yarjejeniya mai lamba 189 da ILO ta amince da ita ranar 16 ga Yunin 2011, wadda aka yi musamman domin masu aikin gida, ta ce a ba su hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako, kuma ba dole ba ne su zauna a gidan a lokacin hutun. Ita ce kuma ta ce a biya su kuɗi aƙalla sau ɗaya a wata, a bar musu takardunsu a hannunsu, kada a cire ladan dillali daga albashinsu. Afirka ta Kudu da Gini da Saliyo sun rattaba mata hannu. Ko babu wata yarjejeniya, jikin ɗan Adam yana bukatar hutu, kuma ke da kanki ba za ki yarda a hana ki salla a wurin aiki ba. Ta je cocinta, ta ga mutanen garinsu, ta yi dariya da yarenta, ta dawo. Ku yi magana a kan lokacin dawowa, wannan ba laifi. In wata Lahadin kina da biki ko baƙi, ki roƙe ta tun da wuri, ki musanya mata da wata rana ko ki biya ta.

To, yanzu mu zo kan abin da ya fi ci miki rai, don na san ba kuɗin ne ke hana ki barci ba, tsayuwar nan da take yi ƙiƙam tana gaishe ki ce.

Mu Hausawa a jiki muke karanta ladabi. Yaro ya rusuna, mace ta durƙusa, a sunkuyar da kai, a sassauta murya, a cire takalmi daga nesa. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa mai kallon babba cikin ido ba shi da kunya, har muna cewa ya yi tsaurin ido. Saboda haka in mutum ya tsaya a kanki yana kallon fuskarki, zuciyarki ta riga ta yanke hukunci kafin hankalinki ya yi tunani. Amma wadda ta tashi a Lome, ta yi 'yar makarantar Faransanci, wataƙila ta yi aiki a shago ko a gidan wasu kafin naki, cikar ladabi a wurinta shi ne ta tsaya ta nutsu ta gaishe ki da "Madam". Akwai ma gidajen da ake yi wa mai aiki faɗa in ana mata magana tana kallon ƙasa, a ce ba ta saurara. Sannan ki tuna ba ta jin Hausa, Turancinta ma na tsince-tsince ne. Wanda ba ya jin yare, fuska yake karantawa. Wannan kallon da kike ɗauka tsaurin ido ne, sau da yawa ƙoƙari take ta gane ko kin ce ta kawo ne ko ta kai, ko ranki a ɓace yake ko wasa kike.

Kin taɓa gaya mata yadda ake gaisuwa a gidanku? Ina tambaya ne don na san halinmu. Ba mu cika faɗin abu kai tsaye ba, muna ganin mai hankali shi ke gane furfurar farar tunkiya. Sai mu ɗaure fuska, mu yi shiru, mu yi habaici, mu jira mutum ya gane da kansa. Wannan yana aiki tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya na al'ada. Baƙuwa kuwa abin da kawai take gani shi ne Madam ta canza fuska, ba ta san dalili ba, sai ta ƙara kame jikinta, ke kuma ki ga kamewar a matsayin girman kai. Haka ake wata shida ana zargin juna a kan abin da magana ta minti biyar za ta warware. Ki kira ta cikin sakin fuska ki ce, mu a nan in za a gaida babba ana ɗan rusunawa, musamman maigida da iyayenmu in sun zo, ga yadda ake yi. A saninna da wuya a sami wadda za ta ƙi. Amma ki roƙa a matsayin al'adar gida da take taya ku kiyayewa. Kada ki mayar da shi gwajin biyayya, kuma kada ki sa ta durƙusa wa 'ya'yanki da ta girma.

Ita ma tana da abubuwan da take gani a wurinku suna ba ta mamaki ko suna yi mata ciwo, ba ta dai da bakin faɗa. Ku zauna a falo ana hira da Hausa, ta ji an ambaci sunanta an kwashe da dariya. Wataƙila ba da mugun nufi ba ne, amma ita da wannan za ta kwana. Sai kuma sunan da ake kiran ta da shi. A wasiƙarki kin kira ta "yarinya", alhali mace ce mai 'ya'ya biyu. Gidaje da yawa ba su ma damu da sunan ba, daga "ke" sai "'yar Kwatano", ko a laƙa mata wani suna don nata ya yi wuyar faɗa. Mafi muni shi ne kalmar nan ta "arniya" da yara ke tsinta a bakin manya. Ki tambaye ta sunanta na gida. In Ewe ce ko Mina, mutanen kudancin Togo, akwai yiwuwar sunan ranar haihuwa gare ta, kamar yadda muke yi. Wadda aka haifa ranar Lahadi suna ce mata Akosiwa, ita ce Ladi a wurinmu. Afi ita ce Jummai, Ama ita ce Asabe, Abla ita ce Talatu. Na taɓa ganin uwar ɗaki da mai aikinta sun gano cewa rana ɗaya aka haife su, suna ɗaya suke amsawa da yare biyu, kuma daga ranar zaman gidan ya canza. Yaranki kuma su riƙa ce mata Anti, su gaishe ta da safe, kuma duk wanda ya ɗaga mata hannu ko ya zage ta a hukunta shi a gabanta.

Tuwo da miyar kuka kuwa, ki yi mata uzuri. Ƙin da ta yi ma ya nuna mini 'yar kudu ce, don da daga Sokode ta fito, garin Kotokoli, ko can arewa wajen Dapaong, da ba baƙuwar kuka da daddawa ba ce. Mutanen bakin teku tuwon masara suke ci, suna ce masa akume, da sakwarar doya, da miyar ganyen lalo da suke kira ademe, da kifi da manja da barkono mai yawa. Ki tuna yadda alhazanmu ke yi a Makka: kwana uku a kan shinkafar Larabawa sai ka ga an bazama neman masu tuwo a unguwannin Hausawa. Ba raina abincin Larabawa suka yi ba, ciki ne ke neman abin da ya saba. Ki ba ta garin masara da ɗan kifi da manja, ki bar ta ta dafa nata sau biyu ko uku a mako. Kuɗin ba shi da yawa, kuma ba mamaki yaranki su fara zagaya tukunyarta.

Abin da zan ja kunnenki a kansa a maganar abinci daban ne. Akwai gidajen da ke ware wa mai aiki kwano da kofi a ajiye su can gefe kamar na mai cuta, a ba ta ƙanzo da ragowar da yara suka jagwalgwala, ko a kulle sito a riƙa auna mata abinci a cokali. In Kirista ce sai a fake da najasa. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta ce duk mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa. Kuma in hannunta ya isa ya dafa abin da za ku ci, ya wanke jaririnki, to bakinta bai isa ya ƙazantar da kofi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abu Zarri cewa masu yi muku hidima 'yan'uwanku ne, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora ku taya su. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. In azumi ya zo, ki tuna da wannan: aikin gidan Bahaushe ninkuwa yake a Ramadan, daga girkin buɗa-baki zuwa na sahur, ita kuma ba azumi take ba. Ta ci abincinta da rana ba tare da ɓoyo ba, kuma in an tashe ta ƙarfe uku na dare a rama mata barcin da rana. Sutura ma haka: kina da damar cewa a gidana ana sa kaya masu rufe jiki, ki saya mata. Tilasta hijabi ko matsa mata ta musulunta kuwa babu shi, aya ta ce babu tilas a addini, kuma wadda abincinta ke hannunki ko "to" ta ce miki ba ki san ko daga zuciya ta fito ba.

Waya ita ce kaɗai igiyar da ta haɗa ta da 'ya'yanta. Dare take kira don dare ne kawai nata. In muryarta na hana barci, ki ce ta sassauta ko ta gama kafin ƙarfe goma. In tana riƙe waya a lokacin da take kula da jariri ko tana kan wuta, ki hana, wannan ƙa'idar aiki ce. Fiye da haka ba hurumin ki ba ne.

Akwai wata kalma da nake jin tsoro in uwar ɗaki ta faɗe ta: "Ai kamar 'yata na ɗauke ta." Yawanci da zuciya ɗaya ake faɗa. Amma na lura a gidan da aka fi faɗin haka, nan ne ba a san ƙarfe nawa aiki ke tashi ba, nan ne albashi ke zama "in an samu", nan ne in ta nemi haƙƙinta sai a ce ta yi butulci. 'Yarki tana da gado, tana zuwa makaranta, in ta yi fushi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ba wanda zai kore ta. Wannan baiwar Allah ba ta da ko ɗaya. Ki bar ta a matsayinta na ma'aikaciya mai daraja wadda aka yi ciniki da ita, a cika mata cinikin. Kyautatawa, irin su atamfar Kirsimeti da kuɗin magani da tsarabar yara in za ta gida, sai ta hau kan wannan. Atamfa ba ta biyan bashin albashi.

Kuma Hajiya, mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan, don 'ya'yanmu na can a bayan irin wannan ƙofar. Mata nawa ne daga Kano da Katsina da Damagaram ke aikatau a Jidda da Riyad da Makka? Wa bai ji labarin wadda kafili ya karɓe wa fasfo tun daga filin jirgi ba, ko wadda aka ƙwace wa waya, ta yi wata da watanni ba albashi, in ta fita a rubuta ta gudu, a kama ta a kai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro gida? Tsarin kafala ke nan, wanda ya ɗaure zaman ma'aikaci a ƙasa da sunan mai gidansa. Ko gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. A 2018 an tsinci gawar wata 'yar Filifin a cikin firiza a wani gida a Kuwait, har ƙasarta ta dakatar da tura ma'aikata can. A Afrilun 2020 wani mutum a Labanan ya sa hoton fasfon wata 'yar Najeriya a Facebook yana neman mai saye a kan dala 1,000, duk ƙasar nan ta ɗauki zafi, aka kama shi. In irin waɗannan labaran suka zo, mukan ce Larabawa ba su da imani. Su ma matan gidajen can abin da suke faɗa ke nan: ba ta jin magana, ba ta cin abincinmu, kullum tana waya, in ka sake mata fuska ta raina ka, riƙe fasfon kada ta gudu. Kalma ɗaya ba ta bambanta da abin da ke cikin wasiƙarki ba. ILO ta ƙiyasta a 2021 cewa masu aikin gida a duniya sun kai miliyan 75.6, kashi uku cikin huɗu mata ne, kuma takwas cikin goma ba su da wata rubutacciyar kariya. Abin da ke cutar da su a ko'ina iri ɗaya ne: aikin a bayan katanga ake yin sa, ba mai gani, kuma baƙuwa ba ta da dangin da za su zo su yi sallama a ƙofa su tambayi lafiyarta.

Ban raina tsoronki ba. Ana sata, ana haɗa baki da ɓarayi, an yi abubuwa marasa daɗi, kuma wadda ta shigo da baƙuwa cikin 'ya'yanta dole ta yi hattara. Hanyar hattara ita ce ki san ta: hoton katinta, lambar wani nata a gida da kika yi magana da shi da kanki, sunan cocin da take zuwa da wani babba a can da ya san ta. Gwal da kuɗi ki sa su a akwati ki kulle, dukiya ake kullewa. In abu ya ɓace kada a yi mata tsirara ana bincike, kada a sa direba ko maigadi ya doke ta, a bi hanyar hukuma. A abin da na gani, wadda ake biya a kan lokaci, take da ranar fita, take da inda za ta kai kuka, ba ta cika guduwa ba. Masu tsallake katanga da dare yawanci waɗanda aka toshe wa ƙofa ne.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa, mace da mace. Ina take kwana? In a kicin ne ko a falo ko a barandar da kowa ke wucewa, ki gyara. Ta sami ɗaki ko lungun da ke da ƙofa mai sakata ta ciki. Gida akwai maza, akwai samari masu tasowa, akwai ƙannen miji da direba da masu zuwa hutu. Ba zargin kowa nake ba, amma shari'o'in da suka fi tsaya mini a rai a aikina daga nan suka fito, kuma kusan kullum in abin ya fashe ita ake kora da ciki ko da sharri. Ki gaya mata da bakinki cewa in wani ya taɓa ta ko ya yi mata maganar banza ta zo wurinki, za ki saurare ta. Ki kuma gaya wa mazan gidan cewa kin faɗa mata haka.

Ga abin da nake so ki yi a wannan makon. Ki nemi wani mai jin Faransanci wanda ba dillaliyar ba kuma ba ɗan gidanki ba, ko malamin makaranta ko wata daga cocinsu. Ku zauna ku uku a kan kujera, ita ma a kan kujera. Ki fara miƙa mata katinta kafin a ce komai, don ta san zaman ba na tuhuma ba ne. Ki tambaye ta nawa aka yi mata alkawari a Lome, nawa ta karɓa zuwa yau, wane aiki aka ce za ta yi. Ki shirya jin abin da ba zai yi miki daɗi ba, don sau da yawa abin da dillaliya ta gaya wa mai aiki daban, abin da ta gaya wa uwar ɗaki daban. Sannan ki faɗi naki: gaisuwa, sutura, waya a lokacin aiki, lokacin dawowa ranar Lahadi. A rubuta a takarda ɗaya, da Turanci da Faransanci: albashi da ranar biya, lokacin farawa da na tashi, ranar hutu, hutun zuwa gida a shekara da wanda zai biya kuɗin mota, wanda zai biya in ta yi rashin lafiya, da sanarwar wata guda in ɗayanku na son rabuwa. Kowa ya riƙe kwafi.

Kuɗin wata ukun da suka wuce kuma, ki kira dillaliyar a gabanta a yi lissafi. In ta kawo, to. In ta ƙi, ni shawarata ki biya matar nan daga aljihunki, sannan ki bi dillaliyar bashi, don ke kina da ƙarfin bin ta, ita ba ta da shi. In kuma kika duba katin kika ga shekarun ba su kai yadda aka gaya miki ba, ko kika ji dillaliyar na da wasu yara ƙanana da take rabawa gidaje, wannan ya wuce sulhun falo. Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7 ga duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma ofishin NAPTIP na nan Abuja kusa da ke, ki kai musu rahoto.